Za a yi wa Mma tiyatar haske a kai, fargaba ta hana ta barci: me za mu gaya mata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Aboabo, Kumasi. Mahaifiyata shekararta 61, hoton MRI ya nuna tana da ƙari a kai mai girman santimita 2.2. Likitoci sun ce meninjiyoma ne, wato ƙarin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, ba irin mai yaɗuwa ba, kuma sun ba da shawarar a yi mata tiyatar haske maimakon a buɗe kan. Mun samu rana a wata cibiya a Indiya nan da mako biyar. Tun da ta ji ta daina barci, ta rage cin abinci, ta fara raba kayanta tana neman gafarar mutane. Tana da hawan jini da ciwon suga. Yayyena sun ce a daina yi mata maganar gaba ɗaya sai ranar ta zo. Me ya kamata mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke yi.

Shawarar yayyenka daga tausayi ta fito, amma kada ku bi ta. Shirunku ba zai hana Hajiya tunani ba, sai dai ya bar ta ita kaɗai da abin da take ƙiyastawa, kuma abin da dattijuwa ke ƙiyastawa cikin dare idan an ce za a taɓa mata ƙwaƙwalwa ya fi ainihin aikin muni nesa ba kusa ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Wadda ta fara raba kayanta ta riga ta yanke wa kanta cewa tafiyar ba dawowa, idan kuma ta ga 'ya'yanta suna yin tsit duk sanda ta shigo ɗaki, to ta samu shaidar da take nema.

Wannan ba zancen lallashi ba ne kawai. Tun a 1964 wani likitan allurar barci a Boston ta Amurka, Lawrence Egbert, da abokan aikinsa suka gwada abin a kan marasa lafiyar da za a yi wa tiyatar ciki. Waɗanda aka zauna da su tun kafin aiki aka gaya musu inda za su ji zafi, tsawon lokacin da zai ɗauka, da yadda za su saki jiki, sun buƙaci kusan rabin maganin kashe zafin da sauran suka sha, kuma an sallame su da wuri. Abin lura shi ne ba a ce musu ba za su ji komai ba. An gaya musu abin da za su ji ne. Bayanin da ke kwantar da hankali iri biyu ne: jerin abin da zai faru daga safe zuwa yamma, da kuma abin da jiki zai ji a kowane mataki. Iyalai da yawa suna ba da na farko sama-sama, su ɓoye na biyu, alhali na biyun ne ya fi aiki.

Kafin ka zauna da ita, kai ma sai ka fahimci aikin, domin mai rawar murya ba ya kwantar wa wani hankali. Ba a yanka fata, ba a buɗe ƙoƙon kai, ba a aske gashi, kuma babba ba a yi masa allurar barci, idonta biyu za a yi a gama. Abin da ake yi shi ne a harba siraran hasken radiyeshon daga kusurwoyi masu yawa, kowane ɗaya mai rauni ne a hanyar da ya bi, amma duk su haɗu a kan ƙarin da ƙarfin da zai lalata ikon ƙwayoyinsa na rabuwa da girma. Likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwidin, Lars Leksell, shi ya fito da dabarar a 1951, aka kuma soma aiki da na'urar Gamma Knife a 1968. Ta zamani tana da tushen haske 192 na sinadarin kobal-60. Akwai CyberKnife mai hannun mutum-mutumi da ke zagaya kai, akwai kuma injin gashi, wato gasa ƙari da radiyeshon, mai suna linak da aka ƙara wa kayan saiti. Duka ukun aiki ɗaya suke yi, kuskuren saitinsu bai cika wuce milimita 1 ba. Ƙarin da bai kai santimita 3 ba shi ya fi dacewa da wannan hanya, don haka na Hajiya yana cikin iyaka. Meninjiyoma irin marar yaɗuwa akan ba gefensa gire (ma'aunin yawan hasken) 12 zuwa 16 a zama ɗaya, a takarda za ka ga an rubuta Gy, kuma fiye da tara cikin goma na irin waɗannan ƙari suna daina girma bayan aikin. Idan ƙarin ya matso jijiyar gani sosai, sai a raba adadin zuwa zama 3 ko 5, domin jijiyar gani ba ta ɗaukar fiye da gire 8 zuwa 10 a lokaci guda ba tare da haɗari ba.

Cikin wannan makon ka rubuta wa cibiyar ka nemi amsa a rubuce: wace na'ura za a yi amfani da ita, da firam (ƙarfen da ake ɗaurawa a kai) za a riƙe kan ko da ragar fuska ta roba, zama ɗaya ne ko da yawa, za a yi azumin abinci da safen ranar ko a'a, me za a yi da magungunan suga da na hawan jini, kuma za a bar wani daga cikinku ya tsaya kusa da ita ya yi tafinta har ƙofar ɗakin aikin. Tambayar firam ko raga ita ce babba. Idan ka shirya ta a kan raga aka wayi gari aka kawo firam, duk abin da ka gina ya rushe, kuma ba za ta ƙara yarda da bayaninka ba a ranar.

Yadda za a zauna da ita

Mutum ɗaya ko biyu da ta fi sakin jiki da su, ba taron gida ba. Idan akwai 'yarta ko ƙanwarta da ke da natsuwa, a haɗa da ita, domin akwai abin da uwa ba za ta faɗa wa ɗanta namiji ba. A yi da hantsi bayan ta sha koko, ba da dare ba, kada ta kwana tana juya maganar. Minti 15 zuwa 20 ya isa zama ɗaya, a yi sau uku ko huɗu cikin makonnin nan. Mutumin da ke cikin fargaba kaɗan yake riƙewa daga abin da aka gaya masa, shi ya sa bayanin da ma'aikata za su yi mata da safen ranar, cikin Turancin da ba ta saba da lafazinsa ba, ba za a dogara da shi ba.

Kada ka fara da bayani. Fara da tambaya: "Mma, a cikin wannan aikin me ya fi tsaya miki a rai?" Sai ka yi shiru ka jira, ko da shirun ya yi tsawo. Abin da ke fitowa sau da yawa ba shi ne abin da 'ya'ya suka zata ba. Wata tsoronta ta haukace ko ta manta karatunta. Wata ta taɓa ganin maƙwabciya da aka yi wa gashin kansar nono fata ta yi baƙi, tana zaton haka kanta zai ƙone. Wata tsoron mutuwa a ƙasar da ba dangi take yi, a binne ta can. Wata kuwa kuɗin ne, tana ganin an sayar da fili saboda ita. Kowanne da amsarsa, kuma idan ka yi ta bayanin na'ura alhali damuwarta fili ce, ka yi aikin banza. Ka ce ta nuna maka da yatsun hannu yawan tsoron, ɗaya kaɗan, biyar ya kai maƙura, ka riƙa maimaita tambayar a kowane zama don ka ga ko ana samun sauƙi.

Mutane ba ɗaya ba ne wajen son bayani. Wata tana so ta ji komai dalla-dalla, wata kuma yawan bayani ƙara mata tashin hankali yake. Tambaye ta kai tsaye ko tana so ta ji duka ko manyan abubuwa kawai. Amma ko ta zaɓi kaɗan, abu huɗu ba a tsallake su: ba za a yanka ba, za a riƙe kanta yadda ba zai motsa ba kuma ga yadda hakan ke ji, ita kaɗai za ta kasance a ɗakin amma ana ganinta ana jin ta, kuma tana iya sa a tsaya. A ƙarshen kowane zama kada ka ce "kin gane?", domin za ta ce ta gane don kada ta wahalar da kai. Ce mata: "Idan Inna ta zo gaishe ki ta tambayi yadda za a yi aikin, me za ki ce mata?" A cikin amsarta za ka ji inda ta karkace.

Sai ku toshe ƙofar WhatsApp. Dole wani ɗan'uwa mai son taimako ya turo bidiyon tiyatar buɗe kai, ko labarin wanda ya tafi Indiya bai dawo ba. Ku gaya wa dangi a fili cewa duk wani bayani ya biyo ta hannun mutum ɗaya. Idan cibiyar tana da nata bidiyon, kai ka fara kallo, sannan ka tambaye ta ko tana so ta gani.

Ranar aikin, mataki-mataki

Idan firam ne, da sassafe za a fara. Za a sa mata kanula, siririn bututun ba da magani ta jijiya, a hannu. Tana zaune, likita zai yi allurar kashe zafi a wuri huɗu, biyu a goshi, biyu a ƙeya. Wannan allurar ita ce mafi zafi a duk yinin, tana yin raɗaɗi na 'yan daƙiƙoƙi a kowane wuri kafin fatar ta mutu. Ka gaya mata haka ƙarara. Daga nan a ɗora firam ɗin, ƙarfe ne marar nauyi sosai, a ɗaura 'yan sukurori huɗu masu tsini har su dafe ƙashin kai daga waje, ba sa huda shi. Abin da za ta ji ba suka ba ne, matsi ne mai ƙarfi, kamar an tamke mata ɗankwali fiye da kima, kuma yakan lafa cikin minti 5 zuwa 15. Nan ne mutanen da aka ce musu "ba komai" suke rikicewa, domin suna ɗaukan matsin alamar wani abu ya lalace, su fara zufa, jini ya hau, wasu har su yi luuu kamar za su suma. Wadda ta san matsin yana zuwa kuma yana tafiya takan ƙirga numfashinta ta jira. Idan kuma zafi mai tsini ne a wuri ɗaya, ta faɗa, a ƙara allura. Jurewa a nan ba jarumta ba ce.

Idan raga ce, babu allura a kai. Ana ɗumama farantin roba mai huji-huji a ruwan zafi ko a tanda har ya yi laushi, a shimfiɗa a fuska, a danna shi ya bi hanci da goshi da haɓa, a maƙale gefensa a gadon. Za ta ji ɗumi da danshi, sannan ya huce ya taurare cikin minti 10 zuwa 15. Numfashi yana fita ta hujojin ba matsala, wasu ragogin ma a buɗe suke ta wajen ido da hanci. Idan tun kafin ranar aikin aka yi ta, a ranar takan ɗan fi matsewa domin robar tana ɗan tsukewa bayan ta bushe, kuma tana barin zanen raga a fata na ɗan lokaci. Gani ya kori ji: waɗanda ake yi wa gashin kansa a kai da wuya ma da irin wannan raga ake riƙe su, don haka ka roƙi likitan da ke duba ta ya haɗa ku da sashen gashi na asibitin Komfo Anokye ko na asibitin Korle Bu da ke Accra, ta ga ragar ta taɓa ta da hannunta tun kafin ku tashi.

Bayan haka sai hoto. MRI yana ɗaukan minti 20 zuwa 40 a cikin rami mai ƙunci, da ƙara mai tsanani ta ƙwanƙwasa da gurnani, za a ba ta abin toshe kunne da ƙwallon roba da za ta matsa idan tana son magana. Tunda an taɓa yi mata a nan, tambaye ta yadda ta ji a wancan karon. Idan ta ce ta ji kamar numfashinta zai ɗauke, ko ta sa an fito da ita, wannan labari ne da dole cibiyar ta sani tun yanzu. Za a yi mata allurar gadoliniyam don ƙarin ya fito sarai, takan sa a ji sanyi yana bin hannu, wani lokaci da ɗanɗanon ƙarfe a baki. Saboda suga da hawan jini, a yi gwajin ƙoda a nan Kumasi ku tafi da sakamakon.

Sai jira, kuma jiran nan ne mutane ba sa shirya masa. Likitan ƙwaƙwalwa da likitan gashi da masanin fiziks za su zauna gaban kwamfuta su zana iyakar ƙarin su lissafa haske, awa 1 zuwa 3, wani lokaci fiye idan akwai wasu a layi. Idan ba a gaya mata ba, za ta ɗauka sun ga wani mugun abu ne a hoton suna shawarar yadda za su faɗa. Da firam a kai ba a sa tabarau, kofi ba ya kai baki sai da tsinken zuƙa, don haka ku tanadi tsinken da abinci mai laushi idan an yarda ta ci.

Aikin kansa shi ne mafi sauƙi. Za ta kwanta, a maƙale firam ko raga a gadon, ma'aikata su fita su rufe ƙofa mai kauri. Fitarsu ba don abin yana da haɗari gare ta ba ne, su kullum suke wannan aikin, doka ta hana su tara haske a jikinsu. Akwai kyamara da lasifika. Hasken ba a ganinsa, ba a jin zafinsa, ba ya ƙona fata. Gamma Knife kusan shiru take, sai motsin gado kaɗan-kaɗan, linak da CyberKnife kuwa suna zagayawa da 'yar ƙara. Tsawon lokaci daga minti 20 zuwa sama da awa 1, kuma bayan an gama lissafi za su iya faɗa muku adadin mintocin, ka tambaya ka gaya mata. Tsoron da ke damun masu hankali shi ne "in na yi tari ko atishawa fa, hasken ya sami wani wuri?" Da firam kan ba ya iya gocewa. Da raga kuma na'urorin suna bin motsin kai, idan ya wuce iyakar da aka sa, a Gamma Knife yawanci milimita 1.5, hasken yana tsayawa da kansa. Kuma a ko wane lokaci tana iya ɗaga hannu a dakata, ta huta, ta yi fitsari, a ci gaba daga inda aka tsaya ba tare da an ɓata komai ba. Ka koya mata alamar hannun da kuka amince da ma'aikatan, tunda ba lallai su ji Hausa ko Tuwi ba.

Ku fara gwaji a gida tun yanzu. Ta kwanta rigingine a kan shimfiɗa mai tauri da ɗan siririn matashi, a ɗora mata tawul mai ɗumi marar nauyi a fuska, hanci a buɗe. Ranar farko minti 5, a riƙa ƙarawa har ta kai minti 30 zuwa 40 ba ta motsa kai ba. Ta ja numfashi ta hanci tana ƙirga huɗu, ta sake shi a hankali tana ƙirga shida, fitar ta fi shigar tsawo, wannan ne ke rage bugun zuciya. Gwajin zai kuma tona wasu matsaloli: ciwon baya, tari idan ta kwanta, ko yawan fitsari, duk abubuwan da ake iya magancewa da matashi ƙarƙashin gwiwa ko magani idan an sani da wuri. Zikiri da baki yana motsa haɓa, haɓa kuma tana motsa raga, don haka ta saba yin sa a zuci. Cibiyoyi da yawa suna yarda a sa wa mara lafiya abin saurare ta lasifikar ɗakin, ku tafi da karatun alaramman da take so a waya. Surar da ta san tsawonta tana zame mata agogo.

Kitso, kwalli, tufafi da salla

A tsefe kitso mai kauri da duk wani ƙarin gashi ko fil kafin tafiya. Tulin kitso a ƙeya yana canza zaman kai, kuma idan an yi raga da wani kitso aka zo aiki da wani, ragar ba za ta zauna ba. A wanke kai daren ranar, ba man kaɗe, ba man gashi. Ba kwalli, domin wani yana da ƙarfe a ciki, yana ɓata hoton MRI a kusa da ido. 'Yan kunne, sarƙa, haƙoran roba, da laya ko guru idan tana ɗaurawa, duk za a cire, kuma gara ta ji wannan daga bakin 'yarta a gida da ta ji daga baƙo a ƙofar ɗaki. Haƙorin Makka yawanci ba ya hana hoto, amma a faɗa. Duk wani ƙarfe da aka taɓa sa mata a jiki, musamman na'urar bugun zuciya, a rubuta. Ta sa riga mai maɓalli a gaba ko zane da riga mai buɗewa, domin buba ko doguwar rigar da ake zurawa ta kai ba ta wuce firam.

Buɗe kai gaban maza yana damun iyayenmu mata fiye da yadda suke faɗa. Ku nemi nas mace ta kasance a wurin, kuma a lokacin jira ana iya yafa mayafi marar nauyi a kan firam idan ma'aikata sun yarda. Ta yi alwala kafin a fara. Da firam ba a sujada, za ta yi salla a zaune da nuni. Ku je wurin malamin da ta yarda da shi tun a Kumasi ya yi mata bayanin sallar mara lafiya da haɗa salloli, kuma ku fara yi wa malamin bayanin aikin, domin kalma ɗaya daga bakinsa cewa neman magani ba ya karo da tawakkali ta fi goma daga naku.

Magunguna su ne inda aka fi samun tangarɗa. Ku tafi da kwalayensu gaba ɗaya, har da na gargajiya da jiƙe-jiƙe, a nuna wa likita. Idan tana shan maganin tsinka jini irin asfirin, kulofidogirel ko warfarin, likita ne zai ce a tsaya ko a ci gaba, musamman idan firam ne, kada ku yanke da kanku. Maganin hawan jini yawanci ana sha da safen ranar da ɗan ruwa. Na suga kuwa sai an tambaya: idan an ce kada ta ci abinci ta kuma sha maganin ko ta yi insulin kamar kullum, suga zai faɗi, kuma alamunsa, rawar jiki da zufa da bugun zuciya, daidai suke da na tsoro, sai a yi ta ba ta haƙuri alhali sukari take buƙata. Ku riƙe na'urar gwajin suga a jaka. Agogon Indiya yana gaban na Gana da awa 5 da rabi, a tsara lokutan magani da likitanta na nan kafin tashi, kuma ku isa da kwana biyu ko uku a gaba don ta huta. Katin rigakafin cutar shawara (yellow fever) dole ne ga mai shiga Indiya daga Gana, kada a bar shi sai makon ƙarshe ya zama wani abin tashin hankali.

Mai yiwuwa a ba ta deksametason don hana kumburi. Yana ɗaga suga sosai, musamman da rana zuwa yamma, yana hana barci, yana sa wasu saurin fushi ko rawar kai, yana kuma cin ciki. A sha da safe bayan abinci, a riƙa gwada suga sau 2 zuwa 4 a yini, kuma idan an sha shi kwanaki da yawa ba a yanke shi rana ɗaya. Idan gwajin gida ya nuna ba ta iya jure rufin fuska, akwai ƙwayar kwantar da hankali irin lorazefam, miligiram 0.5 zuwa 1, minti 30 zuwa 60 kafin a fara. Ba abin kunya ba ne, amma likita ne zai rubuta, domin a shekarunta yana iya kawo jiri da faɗuwa. Kada a saya mata maganin barci a kemis. Idan kuma bayan zama biyu ko uku yatsun ba su ragu ba, har yanzu ba ta ci ba ta barci, ko tana cewa gara ta mutu, wannan ya wuce fargabar aiki, a kai ta likita ya duba ko ciwon damuwa ne.

Takardar amincewa za ta lissafa munanan abubuwa da dama, har da waɗanda ba safai suke faruwa ba. Ka nemi kwafinta tun yanzu. A ranar kada ka tace abin da likita ya faɗa, kada kuma ka karanto jerin a jere kamar duk ɗaya suke. A kan kowanne ka tambayi likitan, cikin mutum ɗari nawa yake samu, kuma me ake yi idan ya faru, ka fassara mata duka biyun. Ita ce mai sa hannu.

Bayan an gama ana cire firam cikin 'yan mintoci, a manna filasta a wurare huɗun, yawanci ba ɗinki. Ciwon kai yakan biyo bayan cirewar, farasitamol yana isa. Goshi da fatar ido suna iya kumbura kwana biyu ko uku, wani yanki na fatar kai ya yi dindiris na wasu makonni, ga gajiya da ɗan tashin zuciya. Idan ƙarin yana kusa da ƙoƙon kai, gashi na iya zubewa a ɗan wuri, yawanci ya sake fitowa. Yawanci a ranar ake sallama ko washegari. Ba ta ɗauke da wani haske a jikinta: ta goya jika, ta ci a kwano ɗaya da kowa, ta yi girki. Ku faɗa wa mutanen gida wannan tun kafin ta dawo, kada ta tarar an ware mata kofi.

Abin da ya fi muhimmanci ta sani tun yau shi ne ƙarin ba ya ɓacewa a ranar. Manufar ita ce ya daina girma. Hoton wata 6 ko na shekara zai iya nuna shi yana nan yadda yake, kuma wannan nasara ce, ba faɗuwa ba. Wani yana raguwa a hankali cikin shekaru. Kumburin ƙwaƙwalwa a kewayensa yana iya tasowa bayan watanni, galibi tsakanin wata 3 zuwa 12, an fi ganinsa a ƙarin da ke saman kai kusa da tsakiya, kuma yawanci deksametason yana kwantar da shi. Ciwon kai mai ƙaruwa da amai, jijjiga, raunin hannu ko ƙafa, karkacewar baki, rikicewar magana ko gani, barcin da ba a iya tashinta, ko ruwa da zazzaɓi daga wurin sukurori, duk na zuwa sashen gaggawa ne nan take, ko a kira 112, ba na jiran amsar saƙo daga Indiya ba.

Kafin ku baro cibiyar ku karɓi takardar da ta nuna na'urar da aka yi amfani da ita, adadin gire da yawan zama, da faifan hotunan da aka yi lissafi a kansu, da jadawalin rage deksametason idan an ba ta, da ranar hoto na gaba. Likitan da zai ci gaba da duba ta a Kumasi da waɗannan zai gwada kowane sabon hoto, don haka ku yi kwafi biyu, ɗaya a fayil ɗinta na asibiti, ɗaya a gida.